Koyarwa a jami'a ko aikin kamfani? Ina neman shawarar injiniyoyin ilektronik

Ɗan_Hanwa:

Assalamu alaikum jama'a, manya da ƙanana. Don Allah shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar koyarwa a jami'a, musamman ɓangaren injiniyan ilektronik da sadarwa. Ni ɗan nan Zariya ne, a ABU na yi digirina na shekara biyar, alhamdulillahi sakamakon ya yi kyau, bara na gama bautar ƙasa. To yanzu abu biyu ne a gabana kuma wallahi sun hana ni sukuni.

Na farko, malamin da ya duba mini furojet ya kira ni ya ce in ina da sha'awa in sayi fom ɗin mastas, in kuma Allah ya sa an buɗe ɗaukar ma'aikata in nemi gurbin giraduwet asistan, ya ce yana ganin zan iya. Na biyu kuma wani kamfani ne da ke haɗa sola yana kuma kula da turakun sabis tsakanin Kaduna da Kano, sun ce in zo in fara, kuma abin da za su riƙa ba ni ya fi abin da na ji ana ba sabon malami nesa ba kusa ba, ga alawus ɗin fita aiki.

A gida Baba so yake in koyar, shi a wurinsa babu aikin da ya kai malanta daraja, Mama kuma ita dai kar in yi nisa. Yayana ya ce in je inda kuɗi yake tunda aure na nan tafe kuma ga ƙanne.

Abin da nake so in sani shi ne, shi lakcara in ban da shiga aji da muke gani, me yake yi da sauran lokacinsa? Ya matakan ƙarin girman suke, kuma shekara nawa mutum zai yi kafin ya tsaya da ƙafarsa? Sannan wannan binciken da kullum ake cewa sai da shi ake ci gaba, a fanninmu mene ne shi takamaimai? Don ni iyakar abin da na sani shi ne furojet ɗin da na yi da Arduino, ɗan allon kwamfutar nan da ake ba umarni, na kunna famfon ban ruwa da kansa, kuma na san wannan bai kai a kira shi bincike ba. Wa ke biyan kuɗin kayan aiki? Zai yiwu mutum ya yi abin kirki a nan gida ko dole sai ya fita waje? Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya ba ni lokacinsa.

Malam_Samaru:

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka kyauta da ka yi tambayar tun kafin ka sa hannu a wata takarda. Ni aikin nan nake yi, na daɗe a cikinsa, yanzu ina matakin siniya lakcara, to ga abin da na sani.

Matakan bakwai ne. Daga giraduwet asistan sai asistan lakcara, sai lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, siniya lakcara, rida wanda wasu jami'o'in ke kira mataimakin farfesa, sai farfesa. A bisa al'ada shekara uku ake yi a mataki kafin a duba ka, amma shekarun kaɗai ba sa ɗaga kowa, sai da muƙalun da ka wallafa, kuma ba tare da digirin digirgir ba akwai inda za ka je ka tsaya cik, don kujerar siniya lakcara ba ta samuwa sai da shi. In ka zo neman rida ko farfesa kuwa, tattara ayyukanka za a yi a aika wa wasu farfesoshi na wasu jami'o'in su auna, ba ka san ko su waye ba, kuma wani lokaci amsar tana daɗewa ƙwarai. Farfesa yana ritaya a shekara 70, sauran malamai 65. Adadin muƙalu da makin da ake nema kowace jami'a da nata, ka nemi kundin ƙa'idar ɗauka da ƙarin girma ka karanta da idonka, kar ka dogara da hirar bakin ofis.

Shi kuma lokaci, koyarwa ce ke cinye shi. Akwai kwasa-kwasan da duk 'yan aji biyu na tsangayar injiniya ke ɗauka tare, ɗalibai ɗaruruwa, kai za ka yi musu darasi, ka tsaya musu a lab, ka yi makin takardunsu ɗaya bayan ɗaya, ka shigar da sakamako, wani ya zo da kuka bai ga nasa ba ka koma ka tono takardar. Bayan wannan za a ba ka kula da wani aji, ko ofishin jarabawa, ko ka bi ɗalibai wuraren da suke SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, in kuma lokacin zuwan NUC, hukumar jami'o'i, ko COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ya yi don tantance kwas to kowa a sashen sai ya yi kwanan ofis. Sabon malami shi ake fi ɗora wa irin wannan. Bincike yawanci da dare ne, da ranakun Asabar, da lokacin hutu.

To binciken kansa, nan ne nake so ka saurare ni da kyau, don shi ne abin da ya riƙe ni a aikin nan duk da komai. Mutane suna zaton bincike a ilektronik shi ne ka ƙera sabuwar waya. A'a. Tambaya ce ƙarama wadda ba wanda ya amsa ta da awo, kai ka je ka auna, ka rubuta yadda wani zai iya maimaitawa ya samu abin da ka samu. Misali, lissafin da muke koya muku na yadda siginal ke raguwa tsakanin turke da waya, wato na Okumura da Hata, a Tokyo da kewayenta Okumura ya yi awonsa a shekarun 1960, Hata ya mayar da shi lissafi a 1980, kuma an yi shi ne don megahaz 150 zuwa 1500. To ka shiga cikin birni ta Ƙofar Doka ka ga lunguna da katangun ƙasa masu kauri da rufin kwano, ka fito ka bi hanyar Shika inda fili ne da gonaki, ka je gindin dutsen Kufena, wanne ne ya yi kama da Tokyo a ciki? Mutum zai ɗauki waya mai manhajar awo da GPS ya bi unguwa-unguwa yana rubuta ƙarfin siginal, da rani da damina, ya dawo ya gyara lissafin ya dace da ƙasarmu. Yanzu da aka yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 na 5G a Disambar 2021 aikin ma sabo ya koma, don abin da ya yi daidai a megahaz 900 ba lallai ya yi daidai a can ba.

Haka maganar hazo. Ƙurar da ke rufe mu lokacin hunturu mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Za ka ji ana cewa hazo ne ke kashe sabis, alhali a megahaz 900 da 1800 ƙwayar ƙura ta yi ƙanƙanta ƙwarai da za ta tare siginal, inda abin ke fara zama magana shi ne a sama can, irin hanyoyin maikurowef da ke haɗa turke da turke, kuma ko a nan ruwan sama ya fi ƙura ɓarna. Amma a kan farantin sola fa ƙurar nan ba wasa take yi ba. Nawa take ragewa a mako a Samaru? Bayan kwana nawa ya kamata a wanke, a garin da ruwan ma saye ake yi? Ƙara da zafin bazara, don farantin silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25, kuma faranti a rana tsaka a watan Afrilu ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi sosai. Waɗannan tambayoyin namu ne, ba wanda zai taso daga Jamus ya amsa mana su.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka koma zaman gaban kwamfuta kawai. Ɗalibi zai buɗe manhajar lissafi ta MATLAB, ya ɗauko muƙalar wani, ya canza dabarar lissafi ɗaya, ya ce ya inganta da kashi kaza, a ba shi digiri, bai taɓa riƙe osiloskof ya ga yadda siginal ɗin gaske ke rawa ba. Simuleshan, wato kwaikwayon abin a kwamfuta, ba laifi ba ne, da shi ake farawa, ni ma ina yi. Amma in aka tsaya a nan, ilimin ba ya sauka ƙasa. Kuma furojet ɗinka na ban ruwa da kake rainawa, in ka ɗauki na'urar auna danshin ƙasa da ke cikinsa ka gwada ta a jar ƙasa da ƙasar fadamar Galma, ka kwatanta da awon da ake yi ta hanyar busar da ƙasa a auna nauyinta, ka ga inda take ƙarya da dalilin da ya sa, to ka shiga bincike ke nan. Ga cibiyoyin binciken noma na IAR da NAERLS a Samaru, masana ƙasa da noma suna nan, irin aikin da ake yi tare ne.

Maganar kuɗi kuma ba zan ɓoye maka ba, albashin farko ba zai riƙe gida yadda kake so ba. Ka kuma sa yajin aiki a lissafinka, na 2020 ya kai wata tara, na 2022 wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma a na biyun an riƙe albashi. Wanda ya shigo don kuɗi zai sha wahala. Wanda kuma in ya ga sakit ya ƙi aiki ba ya iya barci sai ya gano dalili, shi ne zai ji daɗin zama da mu.

Bazazzagi_Sak:

Ɗan'uwa ka je kamfanin nan kawai. Da girmamawa ga Malam, amma buhun shinkafa ba ya tambayar muƙala nawa ka wallafa. Ina da ɗan'uwa lakcara, mutumin kirki mai ƙoƙari, amma duk ƙarshen wata sai ka tausaya masa, da yamma yana haɗa wa mutane sola don ya cike giɓi. Kuma ma gurbin da ake maganarsa ai ba a buɗe ba tukuna, in an buɗe aka ce, wa ya san yaushe? Kar ka saki na hannu ka kama na guje. Baba kuma ka lallashe shi, in ya ga kana ɗauke masa cefane zai sa albarka.

Injiniya_Palladan:

Ni ina tsakanin maganar Malam da ta Bazazzagi. Na fara koyarwa a wata makaranta na ɗan lokaci kafin na koma fili, yanzu aikin kula da wuta da na'urorin turakun sabis nake yi, to na ɗanɗana duka biyun.

Ƙanina, abin da za ka koya a fili ba a koyar da shi a aji. Ranar da za a kira ka ƙarfe biyu na dare a ce turke ya sauka a wani ƙauye bayan Giwa, ka je ka tarar rektifaya, na'urar da ke cajin batura, tana ƙara, batura sun kumbura saboda na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun tuni ba wanda ya kula, a nan ne za ka gane me ake nufi da cewa batirin dalma rayuwarsa na raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. A littafi layi ɗaya ne. A fili kuwa miliyoyin naira ne da mutanen gari da ba su da sabis har gari ya waye. Za ka koyi yadda ake binne wayar ƙasa don tsawa, za ka ga yadda wutar NEPA da ya kamata ta zo bolt 230 take zuwa ƙasa da haka nesa, sai kuma ta yi tsalle lokaci ɗaya ta ƙona maka bod. Malamin da ya taɓa ganin wannan da idonsa darasinsa daban yake, ɗalibai ma suna ganewa tun daga makon farko.

Sannan ko koyarwar za ka yi kana buƙatar rajistar COREN, kuma sai ka yi shekara huɗu da gama digiri kana aikin injiniya kafin ka nema, za su so su ga rahoton ayyukan da ka yi da hannunka. Aikin fili zai cika maka wannan rahoton cikin sauƙi.

Shawarata ka karɓi aikin, amma ka sayi fom ɗin mastas ɗin a lokaci guda, tunda Kaduna da Kano duk ba su yi wa Zariya nisa ba. Ka gaya wa kamfanin tun farko cewa kana karatu, kar su ji daga baya. Zai yi wuya, ba zan ce maka ba zai yi ba, wani lokacin za ka fito daga aikin dare ka wuce lakca kai tsaye. Amma ka ga datar da Malam yake cewa a je a auna? Kai kullum a cikinta za ka kwana, sai dai ka nemi izinin kamfani a rubuce kafin ka yi amfani da ita, wannan amana ce.

Kuma hanyar ba ɗaya ba ce da in ka bi ta ba dawowa. Farfesa Umar Garba Dambatta ilektronik da sadarwa ya koyar shekaru da yawa a Jami'ar Bayero kafin ya shugabanci NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, daga 2015 zuwa 2023. Farfesa Buba Bajoga daga koyarwa a nan ABU ya je ya shugabanci jami'ar ATBU ta Bauchi, ya kuma riƙe NITEL, tsohon kamfanin wayar gwamnati. Ana fita daga aji a shiga masana'anta, ana kuma dawowa. Hatsarin da ke ciki guda ɗaya ne kuma na gan shi a kan abokai da yawa, in kuɗi suka fara shigowa karatu sai ya fita daga rai, a ce sai baɗi, baɗi ta zo a ce sai an gama gini.

Ɗan_Hanwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Malam, wallahi maganar auna danshin nan ta tsaya mini a rai, don lokacin da nake furojet ɗin na lura in na soka na'urar a wuri biyu da ke kusa da juna lamba daban take ba ni, ban san abin bincike ba ne. Injiniya na ji shawararka kuma zan yi magana da su. Saura tambayata ta digirin digirgir, shin a gida ya fi ko a waje, kuma ta ina ake samun tallafi? Sannan su jonal ɗin nan da ake wallafa muƙala a ciki, na ji wai biya ake yi, gaskiya ne?

Dakta_Maman_Amira:

Ƙanina bari in amsa maka wannan tunda ta nan na bi. Mastas a gida na yi, digirin digirgir kuma a Maleshiya, a kan eriya na yi aikina, na dawo ina koyarwa.

Abin da ya sa na fita kayan awo ne, ba wai malamanmu ba su iya ba, don tushen da na tafi da shi daga gida shi ya riƙe ni a can. Bari in nuna maka da ƙaramin misali. Eriyar faci, wato falen tagulla mai kusurwa huɗu a kan allo, ta gigahaz 2.4, irin zangon da Wi-Fi ke aiki, in za ka yi ta a kan allon FR4 mai kaurin milimita 1.6, lissafi zai ba ka faɗi wajen milimita 38 da tsawo wajen 29. Ka zana ta a manhajar CST ko HFSS, komai ya fito tsaf, layin sakamakon ya nuna tana aiki daidai kan 2.4 har ka ji daɗi. Sai ka wanke allon da sinadari, ka liƙa mata kan waya da dalma, ka ɗaura ta a na'urar awo, sai ka ga ta goce gefe. Me ya faru? Lambar 4.4 da ka sa a kwamfuta don bayyana halin allon ba lallai ita ce ta allon da ke hannunka ba, kowane kamfani da nasa, sinadarin ya ɗan ci gefen tagullar, dalmar da ka ɗiga ma ta canza wani abu. Ranar da na fara ganin wannan da idona na zauna ina kankare gefen tagulla kaɗan-kaɗan da reza ina sake aunawa har ta dawo inda nake so, a ranar na san na fara zama injiniya. Babbar na'urar wannan awon da ɗakin da ba ya mayar da amsa-kuwwar siginal suna da tsada sosai, shi ya sa mutane ke fita.

Amma abubuwa sun canza fa. Yanzu akwai NanoVNA, 'yar ƙaramar na'urar auna eriya ce kamar waya, akwai RTL-SDR mai kama da filash da za ka saurari sararin rediyo da ita, akwai ƙananan allunan ESP32 da LoRa masu aika saƙo ta iska, manhajojin zanen sakit na KiCad da LTspice kuma kyauta ne. Ba za su maye gurbin babban lab ba, amma sun isa mutum ya yi mastas mai ma'ana a ɗakinsa a Samaru. Don haka ni a ganina ka yi mastas a gida, in ka zo digirgir sai ka duba tambayar da kake son amsawa, ita za ta gaya maka inda za ka je. In awon ƙasarmu da yanayinmu ne, me za ka je yi a waje? In kuwa ƙera ƙananan cif ne ko zangon da ke sama can sosai, to sai inda kayan suke.

Tallafi kuma, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ita ce babba, an kafa ta da dokar 2011 ta gaji ETF, kuɗinta daga harajin da kamfanoni ke biya yake fitowa. Tana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai, tana da ƙaramin tallafin bincike da ake nema ta cikin makaranta da kuma babba na ƙasa da ake gasa a kansa. Sai dai sai kana ma'aikacin makarantar gwamnati, kuma za ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi aiki. Wanda ba ma'aikaci ba yana iya neman tallafin karatu na PTDF, ko Commonwealth, ko DAAD ta Jamus, wasu kuma suna samun gurbi a jami'ar KFUPM ta Saudiyya. NCC ma tana ba malaman jami'a tallafin bincike a harkar sadarwa. Ƙa'idojin suna canzawa, duk shekara ka karanta sanarwar da kanka.

Batun jonal, a nan ne nake so ka yi hattara sosai. E, akwai na kirki da ake biya don kowa ya karanta kyauta, IEEE Access alal misali wajen dala 2000 ne, amma da yawa daga manyan jonal ɗin IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, ba sa karɓar kuɗin wallafawa in ka bi tsohuwar hanya, wadda mai karatu ne ke biya, kuma ba ka wuce adadin shafuka ba, sai dai za ka jira watanni, masu dubawa su dawo maka da gyara shafi-shafi, wani lokacin su ƙi gaba ɗaya. Wannan gyaran shi ne karatun. Waɗanda za ka guda su ne masu aiko maka da imel suna yabonka, ka tura yau su karɓa jibi ka biya. Ba wanda ya karanta aikin, kuma in an zo ƙarin girma ana iya watsar da su, sunanka kuma ya riga ya hau. Ka duba ko jonal yana cikin Scopus, kundin jonal ɗin da aka tantance, kafin ka tura, ka tambayi manya. Na gida ma akwai masu mutunci, tsangayar injiniya ta ABU tana da nata jonal ɗin da ya daɗe ana bugawa.

Abu na ƙarshe, ka zaɓi sufabaiza da natsuwa, ka tambayi ɗalibansa na baya a asirce ko yana karanta abin da aka kai masa, ko suna gamawa a kan lokaci. Kuma in kana da ƙanwa mai son lissafi don Allah kar a ce mata injiniya ba na mata ba ne, mun yi kaɗan a ajujuwan nan ƙwarai.

Mai_Gyara_PZ:

Salam. Ni ban yi jami'a ba, diploma na yi a poli, ina da shagon gyaran inbata da caja da talabijin a wajen PZ. Ranku ya daɗe malamai ina da ƙorafi kuma ina fata ba za a ji haushi ba.

Duk shekara in lokacin furojet ya zo ɗalibai daga makarantu daban-daban suna cika mana shago, wasu sun zo koyo kuma muna jin daɗinsu, amma wasu so suke a haɗa musu komai su biya su ɗauka, ko sunan ƙafafun tiransista ba su sani ba. Ni dai yanzu sai yaro ya zauna ya riƙe ayan ɗin liƙa dalma da hannunsa nake taimaka masa. Amma malaman su kansu ba ma ganinsu, alhali matsalolin da kuke nema suna nan jibge a ƙarƙashin teburina. Kafasita masu kumburin kai ina da su cike da kwali, yawanci daga Maris zuwa Mayu suke zuwa. Mosfet IRF3205, wani irin tiransista da muke sa wa inbata, za ka sayi guda goma a kasuwa rubutu iri ɗaya, wasu su yi shekaru wasu su fashe a daren farko, in ka fasa jabun ka ga ɗan abin da ke ciki bai kai rabin na asalin ba. Mu da ido da hanci muke ganewa, sai kuma asarar da muka sha. Da za a samu wani ya ƙera mana 'yar na'ura mai araha da za mu gwada kafin mu saya, wallahi duk masu gyara daga nan har Sabon Garin Kano za su saya.

Kai kuma ɗan'uwa mai tambaya, duk wanda ka zaɓa ka riƙa zuwa irin wurarenmu kana zama ko na awa ɗaya ne.

Malam_Samaru:

Mai gyara ba wanda zai ji haushi, gaskiya ka faɗa, kuma sayen furojet ciwo ne da muke fama da shi, Allah ya saka maka da ka daina haɗa musu. Abin da ka gani game da kafasita yana da dalili, irin mai ruwan nan ana rubuta mata misali awa 2000 a digiri 105, duk digiri 10 da aka sauko rayuwarta na ninkawa, duk 10 da aka hau tana rabewa biyu, to inbata a ɗaki mai rufin kwano ba silin a watan Afrilu ka ga abin da zai faru. Na'urar gwada mosfet ɗin kuma mai yiwuwa ce, IRF3205 na asali in ya buɗe sosai turjiyarsa ba ta wuce miliom 8, jabu yakan fi haka, sai dai mita ta hannu ba za ta iya ganin wannan bambancin ba, sai an tura masa wuta mai ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido a auna bolt ɗin da ya faɗi a kansa da wayoyi huɗu. Ɗalibi mai hankali zai iya haɗa wannan da ƙaramin maikurokontirola. Don Allah kar ka zubar da kwalin nan, ka riƙa manna wa kowane bod takarda ka rubuta watan da aka kawo shi da irin na'urar da aka ciro shi da unguwar mai shi, zan turo maka saƙo ta akwati mu yi magana.

Ɗan_Hanwa, shawarar Injiniya ba ta da laifi in har za ka iya riƙe biyun, sai dai ka tambaya a sashen ko tsarin mastas ɗin zai ba ka damar haɗawa da aiki, don shekarar farko ta kwas ce kuma ana son a gan ka a aji. Kafin nan ka koma kan lissafin yiwuwa da aljabarar matriks da kwas ɗin siginal, su ne ke kayar da mutane a zangon farko, ka kuma fara koyon harshen rubuta manhaja na Python ko da awa ɗaya ne bayan sallar isha'i. Na'urar danshin taka in tana nan ka zo da ita ranar da za ka shigo Samaru, ka haɗo da ƙasa a leda daga wurare biyun da ka ce ta ba ka lamba daban.